Babi na Shida: Rawar Sahu ta Mutanen Ingila

A wani dare na tsakiyar hunturu, sa'ad da nake baƙunci a wani ƙauye na yammacin Ingila, mai masaukina, wani dattijo da ya ƙare rayuwarsa ta aiki yana koyar da yara lissafi, ya ce in ɗauki rigar sanyi in biyo shi ɗakin taron ƙauyen, domin in gani da idona abin da ya daɗe yana ba ni labarinsa. Na bi shi saboda ladabin baƙunci, ina zaton zan zauna a gefe in sha shayi har a tashi. Amma abin da na tarar a ɗakin nan ya sa na shafe watanni daga baya ina bin littattafai ina tambayar masana, kuma shi ne musabbabin wannan babi.

Ɗakin dai na katako ne, an jera kujerunsa jikin bango, an bar tsakiyar fili fayau. A kan ɗan dandamali akwai makaɗa uku: mai goge irin na Turawa, da mai piyano, da wani tsoho riƙe da kwansatina, wata 'yar aba mai zugazugi wadda ake matsawa tsakanin tafin hannu biyu. Kusa da su wata mata na tsaye, ba ta kiɗa ba ta rawa, ita ce mai kira, wadda ke faɗa wa jama'a abin da za su yi kafin lokacin yinsa ya zo. Mutanen da suka hallara ba su kai hamsin ba, amma akwai tsohuwa mai furfura fat, akwai yarinyar da ba ta wuce shekara goma sha biyu ba, akwai manomi wanda hannunsa ya yi kanta, akwai likitan ƙauyen. Da mai kira ta ce a tsaya shida-shida, sai duk suka miƙe suka haɗa sahu, ba wanda ya dubi tufar wani kafin ya tsaya kusa da shi.

Wajibi ne in fara da bayanin tsayuwa, gama dukkan hikimar wannan rawa a cikin tsayuwar take. Kowane namiji yana da abokiyar rawarsa, kuma ƙa'ida ce ta kasance a hannunsa na dama. Daga nan tsayuwa iri uku ce mashhuriya. Akwai da'ira, inda kowa ke riƙe da hannun maƙwabcinsa. Akwai murabba'i, inda mutum takwas ke tsayawa biyu-biyu a gefe huɗu suna fuskantar tsakiya. Akwai kuma sahu, wanda shi ne mafi yawa, inda maza ke jeruwa a layi guda, mata a layi guda, kowa yana duban abokin rawarsa. Gefen da makaɗa suke shi ake kira kai, ɗaya gefen kuwa gindi, saboda haka in an ce a hau, nufi a doshi makaɗa, in an ce a sauka, a ba su baya. Wanda ya riƙe waɗannan 'yan kalmomi ya riƙe rabin ilmin.

Rawar da suka fara da ita sunanta Black Nag, wato baƙin ƙuru, ta mutum shida ce, kuma zan bayyana ta daki-daki domin mai karatu ya ga yadda ake gina sauran. Kashi uku ce, kowane kashi da mabuɗinsa da kuma jikinsa. A mabuɗin kashi na farko, kowa ya kama hannun abokiyarsa, su shidan su yi taku huɗu zuwa kai, su dawo da baya taku huɗu, su sake. Sa'an nan biyun farko su kama hannu bibbiyu su zame a kaikaice zuwa kai, tsalle huɗu ƙanana. Biyun tsakiya su bi su. Biyun ƙarshe su bi. Duka su juya a inda suke tsaye. Sa'an nan a komo, amma yanzu na ƙarshe ne ke fara komowa, na farko su zama na baya. A kashi na biyu, bayan kowa ya je ya gwada kafaɗa da abokiyarsa ya dawo, namijin farko da macen ƙarshe su yi musayar wuri ta tsallaka tsakiya, macen farko da namijin ƙarshe su yi haka nan, na tsakiya su musanya tsakaninsu, a juya, a maimaita har kowa ya koma gurbinsa. A kashi na uku kuwa, bayan an saƙala hannun dama an zaga, an saƙala na hagu an zaga, sai a zo ga abin da ya fi ɗaukar hankalina a daren nan, wanda ba ni da sunan da ya dace da shi a Hausa in ba kitso ba.

Ga yadda yake: maza uku da ke layi ɗaya su tashi gaba ɗaya, na farko ya wuce na biyu ta kafaɗar dama, ya wuce na uku ta kafaɗar hagu, kowannensu yana bin hanya guda mai siffar lamba 8 da ba a zana a ƙasa ba, suna giftawa ta tsakiya ɗaya bayan ɗaya kamar silin gashi uku a hannun makitsiya, har kowa ya tsinci kansa a inda ya tashi daidai lokacin da kiɗan ya sauka. Mata na tsaye suna kallo; da maza suka gama, su ma suka yi nasu. Ba a taɓa juna a cikin wannan kitso, ba a magana, kuma in ɗaya ya yi gaggawar taku guda ko ya yi nawa, sai su yi karo a tsakiya. Na ga manomin nan, mutum mai jiki, yana rage takunsa kaɗan domin ya bar wa wani siririn yaro ƙofa, ba tare da ya dube shi ba, kamar yadda mai jaki ke kauce wa mai tulu a lungu.

Abin da ke riƙe da wannan duka shi ne ma'aunin kiɗa, kuma wanda ya karanta aruli ba zai sha wahalar gane shi ba. Kamar yadda baiti ke da ɗangogi, kowane ɗango da adadin gaɓoɓinsa da ba a ƙarawa ba a ragewa, haka nan kiɗan rawar sahu yake yanke-yanke, galibi gaɓa takwas-takwas, kowace gaɓa taku biyu. Mafi yawan raye-rayen da ake yi yau gaɓa 32 ne, wato taku 64, abin da bai fi rabin minti da 'yan daƙiƙai ba, sa'an nan kiɗa ya koma farko. Kowane motsi an yanka shi daidai da yankin kiɗansa, har ya zama ƙwararre ba ya ƙidaya, kunnensa ke gaya masa cewa saura taku huɗu ya isa gida. Aikin mai kira a nan mai wuya ne ƙwarai, domin dole kalmarta ta fita kafin yankin kiɗa ya ƙare, ta yadda za ta shiga kunne ta isa ƙafa a kan kari. Kuma na lura cewa bayan zagaye uku ko huɗu, da ta ga jama'a sun kama, sai ta riƙa rage magana har ta yi shiru, ta bar su da goge.

Asalin abin da muka sani game da waɗannan raye-raye yana komawa ga wani mai buga littattafai a Landan, John Playford, haifaffen Norwich a 1623, wanda kantinsa ke bakin cocin Temple, a unguwar da lauyoyi ke zaune suna karatu. A shekarar 1651 ya fitar da littafi mai suna The English Dancing Master, ɗauke da rawa 105, kowace da kiɗanta a sama, 'yar taswirar tsayuwa da alamar da'ira da ta jinjirin wata a madadin maza da mata, sa'an nan bayani a taƙaice. Zamanin kuwa ba na rawa ba ne, Playford da kansa ya yarda da haka a muƙaddimar littafin. Shekara biyu ke nan da sare kan Sarki Charles na Ɗaya, mulki yana hannun masu tsananin ra'ayin addini waɗanda suka rufe gidajen wasan kwaikwayo tun 1642. Mai karatu Bahaushe wanda ransa bai kwanta da cuɗanyar maza da mata a fagen rawa ba, ya sani cewa a Ingila ma an yi wannan muhawara, an kuma yi ta da zafi: wani lauya mai suna William Prynne ya wallafa ƙaton littafi a 1633 yana sukar wasan kwaikwayo da rawar maza da mata, kuma da aka ɗauka cewa da matar sarki yake, hukuma ta sa aka yanke masa kunnuwa. Ni dai aikina a nan bayanin al'adar mutane ne kamar yadda na same ta, hukuncinta kuwa kowa da malaminsa. Duk da halin da ake ciki littafin Playford ya karɓu, aka yi ta sake buga shi ana ƙari, daga hannunsa zuwa na ɗansa Henry, daga nan zuwa John Young, har bugu 18, na ƙarshe wajen 1728.

Da sarauta ta dawo, rawar ta shiga fada a sarari. Samuel Pepys, ma'aikacin ofishin jiragen ruwan yaƙi wanda ya bar wa duniya littafin abubuwan da ya gani kullum, ya rubuta cewa a daren ƙarshe na shekarar 1662 ya halarci liyafa a fadar Whitehall, inda bayan an gama raye-rayen Faransawa Sarki Charles na Biyu da bakinsa ya nemi a kaɗa wata tsohuwar rawar ƙasa. Faransawa su ma suka ara, suka lanƙwasa sunanta ya dace da harshensu, Raoul Feuillet ya buga tarinsu a Paris a 1706 da zane-zanen da ke nuna hanyar ƙafa a ƙasa. Daga can ta bazu cikin Turai, ta ƙetare teku zuwa Amurka tare da masu hijira.

A cikin waɗannan shekaru ne siffa guda ta rinjayi sauran, wato dogon sahu wanda ba shi da iyakar adadi, duk wanda ya so ya shiga. A ganina nan ne zuciyar al'amarin take, saboda haka zan ɗan dakata a kai. A dogon sahu, mutum huɗu-huɗu ke aiki tare, biyu na sama da biyu na ƙasa, kuma an tsara motsin ta yadda in kiɗa ya kai ƙarshe, na sama sun sauko gurbi guda, na ƙasa sun hau gurbi guda, sai kowa ya tarar da sababbin maƙwabta a gabansa, a sake daga farko. Haka za a yi ta yi, masu sauka suna sauka, masu hawa suna hawa, har wanda ya fara a kai ya isa gindi. A can zai tsaya zagaye guda ba ya yin kome, sa'an nan ya juyo ya shiga cikin masu hawa. Yawancin motsi mai ƙayatarwa na masu sauka ne. Masu hawa kuwa aikinsu su tsaya inda ya kamata, su miƙa hannu a lokacin da ake bukatarsa, su matsa sama taku biyu domin kada sahu ya zame. Ma'anar wannan ita ce, a sahu mai mutum arba'in, wanda ya fara a kai zai yi rawa da kowane mutum da ke cikin sahun kafin ya isa gindi, ko yana son sa ko ba ya so, kuma duk hidimar da aka yi masa yana sauka, sai ya biya ta yana hawa.

Shi ya sa malaman rawa na ƙarni na 18 da farkon na 19, irin su Thomas Wilson na Landan, da masu kula da tsari a manyan ɗakunan taro kamar na garin Bath, suka ɗauki laifi guda da tsanani: mutum ya sauko sahu har gindi, kowa ya yi masa hidima, sa'an nan ya ja abokiyarsa su je su zauna, su ƙi tsayawa su yi wa na baya abin da aka yi musu. Wannan a wurinsu rashin mutunci ne ƙarara, kuma ina ganin sun yi gaskiya, domin cin amana ne ko da a cikin wasa yake. A wancan zamani ba kowa ke farawa lokaci guda ba kamar yau. Biyun kai kaɗai ke farawa, macen ce ma ke zaɓar kiɗa da motsi, sauran suna kallo suna koyo har rawar ta iso su, don haka rawa ɗaya takan ci rabin sa'a, kuma tsayuwar jira ita ce damar da saurayi da budurwa ke samu su yi zance a gaban idon iyaye. Wanda ya karanta littattafan Jane Austen ya san yawan al'amuran da aka ƙulla ko aka warware a wannan tsayuwa; a ɗaya daga cikinsu, Northanger Abbey, har wani saurayi ya kamanta rawar sahu da aure, saboda alkawarin da ke tsakanin biyun da suka tsaya tare.

Sa'an nan zamani ya juya. Raye-rayen da mutum biyu ke rungumar juna su yi ta kewaya ɗaki ba ruwansu da kowa suka shigo daga Jamus da Bohemiya, manyan gari suka koma gare su, rawar sahu ta rage sai a ƙauyuka, wajen bikin aure da na girbi da na Kirsimeti, irin waɗanda Thomas Hardy, wanda shi kansa ya yi gogen biki yana yaro a Dorset, ya siffanta a littattafansa.

Wanda ya tono ta shi ne Cecil Sharp, malamin kiɗa, wanda a washegarin Kirsimetin 1899, a Headington kusa da Okusfod, ya ga wasu magina suna wata tsohuwar rawar maza, wani saurayi William Kimber yana kaɗa musu kwansatina, abin ya shiga ransa har ya sauya masa alƙiblar rayuwa. A 1909 ya buga kashi na farko na The Country Dance Book, rawa 18 da ya tattaro daga bakin mutanen ƙauye; a 1911 ya kafa ƙungiyar raya raye-rayen gargajiya, ya kuma fitar da kashi na biyu, rawa 30 daga littafin Playford. A nan ya gamu da matsalar da kowane almajiri ya sani: matani yana nan, amma sharhi ya ɓace, silsilar masu karɓa daga malami zuwa ɗalibi ta yanke tun fiye da shekara ɗari. Playford ya rubuta wa mutanen da suka riga suka iya ne, saboda haka yakan ambaci motsi da kalma ɗaya ya wuce. Gwada kafaɗar nan da na ambata a Black Nag misali ce. Sharp ya yi nasa ijtihadin, ya ce mutum biyu su gifta juna a lanƙwashe suna duban ido, su juyo su dawo. Aka koyar da haka a makarantu har ya zama jiki. Bayan shekaru wani masani, Pat Shaw, ya koma ga zane-zanen Faransawa ya nuna cewa abin da aka nufa shi ne su matso kai tsaye su jera kafaɗa da kafaɗa, su koma da baya. Har yau riwayoyin biyu suna nan, mai kira takan faɗi wadda za a bi kafin a fara. Hujja tana wajen Shaw, amma na ga duka biyun, kuma ta Sharp ta fi kyau a ido, ban kuwa yi mamakin tsofaffin da suka ƙi sakinta ba.

Akwai inda nake ganin Sharp ya zarce. Ya yi imani cewa raye-rayen Playford na talakawan ƙauye ne tsantsa waɗanda birni ya ara, alhali littafin an buga shi ne domin lauyoyi da masu hali, kuma rawa kamar Newcastle, ta mutum takwas, inda kowa ke ratsa murabba'i yana sauya abokiya har ya sake haɗuwa da tasa, tana nuna hannun gwani wanda ya zauna ya tsara. Abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne fada da ƙauye sun daɗe suna ba juna aro. Bayan rasuwar Sharp a 1924 aka gina gida da sunansa a arewacin Landan, aka buɗe shi a 1930, a 1932 kuma ƙungiyarsa ta haɗu da ta masu tattara waƙoƙi. Magajinsa Douglas Kennedy, da ya ga abin yana neman zama darasin aji mai jarrabawa da takalmin roba, sai ya karkata bayan yaƙin duniya na biyu ga raye-raye masu sauƙi da mai kira, yadda wanda bai taɓa koyo ba zai shigo daga titi ya shiga sahu. Daren da na halarta jikan wannan shawara ne.

Can wajen tsakiyar dare, a cikin wani dogon sahu, wani saurayi da ya zo karo na farko ya ɓata hanya. Ya kamata ya juya baya ya zaga ta waje, sai ya faɗa tsakiya ya tsaya cik, fuskarsa ta yi ja, ga masu sauka sun taho. Kiɗa bai tsaya ba, mai kira ba ta ambace shi ba. Tsohuwar nan mai furfura, wadda ke cikin masu hawa a lokacin, ta miƙa hannu kamar dama motsin ya bukaci haka, ta kama yatsunsa, ta juya shi a hankali ta ajiye shi a gurbinsa, ta ce masa da murya ƙasa-ƙasa, "Nan ne wurinka, ɗana, jira taku takwas," ta koma nata gurbin kafin gaɓa ta cika. A zagaye na gaba ya yi daidai. A na bayansa sai na ga shi ne ke nuna wa wata baƙuwa hanya da ɗan karkata kai.

Rawar ƙarshe, bisa al'adarsu, ita ce Circassian Circle. Aka rushe sahu duka aka yi da'ira guda mai cin bangon ɗakin, aka shiga tsakiya aka fito sau biyu, mata suka shiga suka tafa, maza suka shiga suka tafa, kowane namiji ya juyo ya nufi macen da ke hagunsa, ya bar wadda ya zo da ita ga na damansa, aka zaga, aka sake. Mai masaukina, wanda gwiwa ta hana shi shiga, yana zaune kusa da ni yana buga sandarsa a daɓe a kan kowace gaɓa ta takwas. Da goge ya ja dogon sauti na ƙarshe, kowa ya rusuna wa wanda ya tarar a gabansa, sa'an nan maza suka shiga tattara kujeru, likita da manomi suna ɗauke da tebur guda, mu kuwa muka ɗauki fitila muka kama hanyar gida cikin raɓa.